Kwamfutar Hannu A Kontagora: Canza Kamfani Ba Ya Kawo Wuta

Duk wanda ya ɗan zauna a rumfar masu gyaran waya a garin Kontagora zai ji ƙorafi iri biyu da ba su rabuwa da bakin masu kwamfutar hannu, wato na'urar nan mai siffar allo da ta fi waya girma, wadda a kasuwa ake kira tab. Na farko shi ne batir ba ya kaiwa azahar. Na biyu kuwa shi ne na'urar ta yi nauyi, tana daskarewa ana tsakiyar aiki, ko kuma wata manhaja da ake matuƙar buƙata ta ƙi hawa kanta. Hukuncin da akan yanke bayan waɗannan ƙorafe-ƙorafe kusan ɗaya ne kullum, wato a sayar da ita ko a yi musaya, a koma wani kamfani. Mai Samsung ya koma Tecno, mai Tecno ya shiga tara kuɗin iPad ta hannu, mai iPad kuma tsadar kayan gyara ta ishe shi ya dawo inda ya baro. Kowannensu yana ganin ya gano bakin zaren, kuma kowannensu ya yi cikon kuɗi kafin ya bar rumfar.

Babu mai musun cewa wani kaya ya fi wani. To amma idan aka bi maganar a tsanake za a ga cewa sunan da aka rubuta a bayan na'ura shi ne mafi ƙanƙanta daga cikin abubuwan da ke yanke tsawon ranta a gari irin Kontagora. Zafin gari da yanayin wutar lantarki da shekarun da kamfani ya yi alkawarin ci gaba da sabunta manhaja da kuma nisan da ke tsakanin mai kaya da kayan gyara, su ne ke yanke wannan hukunci. Wanda ya canza kamfani bai duba waɗannan ba, sau da yawa gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Da a ce kayan ƙawa ne, da maganar ba ta cancanci shiga shafin tattalin arziki ba. Amma kwamfutar hannu ta daɗe da zama kayan aiki a ƙasar nan. Tun a shekarar 2013 Gwamnatin Jihar Osun ta fara raba wa ɗaliban sakandare irinta mai suna Opon Imo. A shekarar 2017 matasan da aka ɗauka a shirin N-Power sun sami damar zaɓen tasu daga kamfanoni daban-daban, ciki har da Samsung da Tecno da Zinox. Na'urar BVAS da Hukumar Zaɓe ta yi amfani da ita wajen tantance masu jefa ƙuri'a a shekarar 2023 ma danginta ce. A Kontagora, garin da ke da Kwalejin Ilmi ta Tarayya wadda daga baya aka ɗaga zuwa jami'ar ilmi, kuma cibiyar masarautar Sarkin Sudan da ta haɗa da Mariga da Magama da Rijau da Mashegu da Wushishi, masu riƙe da ita sun haɗa da malamai da ɗalibai masu karanta littattafai a kanta, da matasa masu shirin jarrabawar JAMB wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, da ma'aikatan lafiya da malaman gona masu shiga ƙauyuka suna cike bayanai, da masu shaguna da ke ajiye lissafin bashi da na kaya. Ga irin waɗannan mutane, mutuwar batir da ƙarfe goma sha ɗaya na safe a ƙauyen da babu wuta, asarar yini guda ce da kuɗin mota.

Bugu da ƙari, kuɗin da ake kashewa wajen wannan canje-canje ba irin na da ba ne. Kusan dukkan waɗannan na'urori daga ƙasashen waje ake shigowa da su, da dala ake sayensu. Kafin watan Yuni na shekarar 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A cikin watan Fabrairu na shekarar 2024 ta haura Naira 1,500. A watan Disamba na wannan shekarar hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari bisa ƙididdigar hukuma, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yuli Naira 70,000 ne. Saboda haka kuskuren saye da a da mutum kan share shi da albashin wata guda, ya zama abin da kan ci wa ƙaramin ma'aikaci watanni yana biya.

A fara da batir, tun da shi ne uban ƙorafi. Kusan duk kwamfutar hannu, mai tsada da mai araha, batir iri ɗaya take amfani da shi, wato na sinadarin litiyam, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a shekarar 1991. Wannan batir yana da ƙa'idojinsa da ba ruwansu da sunan kamfani. Duk lokacin da aka cika shi aka ƙarar, yana rasa wani ɗan ƙaramin kaso na ƙarfinsa wanda ba ya dawowa. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce an tsara batirin iPad ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan an cika shi an ƙarar sau 1,000. Amma wannan alkawari yana da sharaɗi, domin kamfanin da kansa ya ce a yi amfani da na'urar a yanayin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, kuma ya yi gargaɗin cewa zafin da ya wuce haka yana iya lalata batir ta yadda ba zai farfaɗo ba. To, a Kontagora zafin rana a watannin Maris da Afrilu kan kusanci digiri 40 a inuwa, balle a cikin mota da aka rufe ko a shago mai rufin kwano. Mafi muni shi ne a jona na'ura a caji cikin wannan zafi kuma ana aiki da ita, domin a lokacin zafi uku ne suka haɗu: na gari, na caji da na aiki. Batirin da ya daɗe yana shan wannan azaba yana iya fara kumbura yana ɗaga gilashi, ko na wane kamfani ne.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Awowin da kamfani ke rubutawa a kwali, kamar awa goma, an auna su ne a cikin ɗaki, da hasken gilashi matsakaici, da intanet mai ƙarfi a kusa. Ma'aikacin da ya fita daji zuwa wajen Mariga ko Rijau dole ya ƙure hasken gilashi kafin ya iya karanta rubutu a rana, kuma gilashin shi ne ya fi komai shan wuta a na'ura mai faɗi. Sa'an nan a inda sabis ya yi rauni, na'urar kan ƙara ƙarfi tana lalube domin ta kamo turken sadarwa, wannan ma shan wuta ne. Ba lallai ne a ce kamfanin ya yi ƙarya ba, amma awon nasa ba na wannan ƙasa ba ne.

Daga nan sai maganar wutar kanta, wadda ita ce abin takaici. Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsar ruwa ta Kainji da aka buɗe a 1968, da ta Jebba ta 1985, da ta Shiroro ta 1990, da kuma ta Zungeru mai ƙarfin megawat 700 wadda ta shigo daga baya. Idan aka haɗa ƙarfin da aka gina su da shi ya haura megawat 2,600. Da wannan jihar ta sami kirarinta na jihar wutar lantarki. Duk da haka mutanenta sun san ma'anar ga ƙoshi ga kwanan yunwa. An canza wa NEPA suna zuwa PHCN a 2005, an sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, inda Jihar Neja ta faɗa a rabon kamfanin rarraba wuta na Abuja, amma a shekarar 2024 babban layin wuta na ƙasa ya durƙushe sau da dama, kuma a watan Oktoba na shekarar lalata layin da ya tashi daga Shiroro zuwa Kaduna na cikin abubuwan da suka jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu na kwanaki.

Abin da wannan ke yi wa batir a fili yake. Wanda bai san lokacin da za a kawo wuta ba, ba ya iya bin shawarar masana ta cewa kada a bari batir ya ƙare ƙurmus kuma kada a bar shi cike a jone dare da rana. Zai yi aiki da na'urar har ta mutu, in an kawo wuta ya jona ta ya bar ta. In ba a kawo ba sai ya kai ta wurin masu cajin kuɗi, inda ake jera na'urori da yawa kan katako ɗaya kusa da ƙaramin janareta, da kowace irin caja da ta samu. Wutar ƙaramin janareta hawa take tana sauka, caja ta jabu kuma ba ta da abin da zai tace wannan hawa da sauka, saboda haka abin da kan fara lalacewa shi ne bakin caji da ƙaramin sashen da ke sarrafa shigar wuta cikin batir. Mai kaya ya ga na'ura ta daina riƙe caji, sai ya ce kamfanin ne bai iya batir ba. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Lissafin ma yana da ban mamaki. Batirin kwamfutar hannu matsakaiciya, mai lamba 7,000 a ma'aunin da ake rubutawa a kwali, wutar da yake ɗauka ba ta kai kashi uku cikin ɗari na yunit ɗaya na mita ba. Ko da farashin Naira 225 kowane yunit da hukumar NERC ta sanya wa masu rukunin A a watan Afrilu na 2024, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, cika wannan batir bai kai Naira 10 ba. Amma wanda ba shi da wuta, da fetur yake saye, kuma tun da aka janye tallafi ran 29 ga watan Mayu na 2023 litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Wato talakan da ke zaune a jihar madatsu huɗu yana biyan ninkin-ba-ninkin kuɗin caji, kuma wutar da yake saye da tsadar ita ce ke kashe masa batir.

Ƙorafi na biyu, na manhaja, shi ne inda kamfanoni suka fi bambanta da gaske, amma shi ne mai saye ya fi ƙarancin tambaya a kai. Kwamfutar hannu ba kamar rediyo ba ce da za a saya ta yi shekara ashirin tana kama tasha. Tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, Android ta kamfanin Google ko iPadOS ta Apple, kuma kowace shekara ana fitar da sabuwa. Ƙananan manhajoji na banki da na saƙo da na karatu suna bin sabuwar, su bar tsohuwa a baya. A watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan duk Android da ta gaza ta biyar. Bankuna ma, saboda tsaron kuɗin jama'a, sukan rufe ƙofa ga tsofaffin na'urori. Wanda ya tuna wahalar ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, lokacin da ciniki ya koma ta waya dare ɗaya, ya san abin da ake nufi da a ce manhajar banki ta ƙi buɗewa.

Wa ke da alhakin sabuntawa? A ɓangaren Apple kamfani ɗaya ne ke yin na'ura da manhaja, shi ya sa iPad kan yi shekara biyar ko fiye tana samun sabo. A ɓangaren Android kuwa hannu uku ne: Google ya fitar, mai ƙera ƙwaƙwalwar na'urar irin su MediaTek ko Unisoc ko Qualcomm ya daidaita, sa'an nan kamfanin da sunansa ke kan kaya ya biya ma'aikata su gwada su aika. Wannan aiki kuɗi ne, kuma ribar da ke kan na'ura mai araha ba ta ɗaukarsa na dogon lokaci. Gaskiya ne Google a 2023 da Samsung a 2024 sun yi alkawarin shekara bakwai, to amma a kan manyan wayoyinsu masu tsada suka fara shi. Yawancin ƙananan kwamfutocin da ke cika kasuwannin ƙasar nan, musamman marasa sanannen suna da ake tallatawa don yara, da Android ɗin da suka zo da ita suke mutuwa. Wasu ma tun suna cikin kwali ta riga ta tsufa da shekara biyu. Idan aka haɗa wannan da ƙaramar ƙwaƙwalwar aiki da ƙaramar ma'adana da hotuna da bidiyon zaurukan WhatsApp suka cika, nauyi da daskarewa ba sa buƙatar wani bayani.

Mai neman kamfanin da bai taɓa yin tuntuɓe ba zai daɗe yana nema. A 2016 Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa, daga baya ya daina ƙera ta, saboda batirinta na kamawa da wuta. A watan Disamba na 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone da batirinsu ya raunana, kuma a watan Fabrairu na 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu saye ba. A 2019 takunkumin Amurka ya raba sababbin na'urorin Huawei da manhajojin Google, abin da ba laifin wanda ya saya ba ne amma shi ya ɗauki nauyinsa. A 2020 kuma an gano wata muguwar manhaja da ta zo tun daga masana'anta a cikin wasu wayoyin Tecno W2, kamfanin ya amsa, ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito. Yawancin waɗannan a kan waya suka faru, amma kamfanonin su ne dai masu ƙera kwamfutar hannun, kuma batirin da manhajar dangi ɗaya ne.

Canzawar kanta tana da kuɗin da ba a rubuta shi a rasit. Wanda ya bar Android ya koma iPad zai tarar babu wurin sa katin memori, ba a kiran waya da ita kamar yadda ake yi da yawancin tab masu layi, manhajojin da ya saya a can ba sa binsa, kuma sai a watan Mayu na 2025 ne WhatsApp ya fitar da manhajarsa ta iPad. Idan ta hannu ce daga cikin kayan Turai da Amurka da ake kira tokumbo, akwai haɗarin a same ta a kulle da asusun mai ita na farko, ko batirinta ya riga ya cinye rabin ransa a wata ƙasa. Wanda ya ruɗu da arahar Amazon Fire zai tarar ba ta zuwa da kasuwar manhajojin Google. Wanda kuma ya yi musaya, dillali ba ya karɓar tsohuwa sai da faɗuwa mai yawa, domin shi ma ya san abin da zafi ya yi wa batirinta.

Wannan ba ya nufin kowa ya zauna inda yake. Akwai canjin da hankali ya yarda da shi. Idan kamfani ya daina sabunta na'ura kuma aikin mutum ya rataya a kan manhajar da ta daina hawa, babu sauran jira. Haka nan idan babu mai batirinta ko gilashinta a kusa. A nan ne ya kamata a yi wa kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, adalci. Bai mamaye kasuwar wayoyin Afirka da sa'a ba. Ya lura da cewa mutanen nahiyar suna son babban batir da layi biyu da farashi mai sauƙi, ya kuma kafa sashen gyara na Carlcare da rassa a manyan garuruwa, har kayan gyaransa suka yawaita a hannun ƙananan masu gyara. Ga mutumin Kontagora wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kayan gyara daga Kwamfuta Bileji ta Ikeja ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano suke tasowa, kuma na'urar da sai an aika da ita Minna ko Kaduna ko Abuja, a kan hanyoyin da suka sha fama da matsalar tsaro a shekarun baya, tana iya yin makonni ba ta dawo ba. Na'ura mai matsakaicin kyau da za a canza wa batir a gari cikin yini guda ta fi wadda ta fi ta kyau amma tana kwance a akwati.

Sau da yawa ma abin da ake buƙata bai kai canza na'ura ba. Sabon batir mai kyau, da caja ta asali, da share ma'adana, kan dawo da na'urar da aka yanke wa ƙauna. Ƙaramin farantin hasken rana da ma'ajin wuta na hannu, waɗanda yanzu ake samu a kasuwannin Arewa, sun fi cikon kuɗin musaya amfani, domin suna maganin asalin ciwon, kuma za su yi wa na'ura ta gaba aiki.

Idan kuwa saye ya zama dole, lissafin da ya dace shi ne na wata-wata. A ƙaddara, domin misali kawai, na'ura ta Naira 150,000 da ta yi wata 18 ta zama ba ta aiki: ta ci sama da Naira 8,300 kowane wata. Wata kuma ta Naira 300,000 da ta yi shekara biyar: Naira 5,000 ke nan a wata. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Amma a nan ma sai an yi hattara, domin yana da sauƙi a ba da wannan shawara daga ofis. Malamin firamare ba shi da Naira 300,000 a dunƙule, kuma bashin banki ba abin da zai tunkara ba ne a lokacin da kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Ba rashin wayo ke sa shi sayen mai araha ba. Abin da za a iya cewa shi ne, ko a cikin masu arahar akwai bambanci, kuma tambayoyi ne ke fito da shi: wace shekara aka ƙera ta, wace Android ke kanta, har yaushe kamfani ya ce zai sabunta, wa ke da batirinta a garin nan, kuma garantin a rubuce yake ko na baki ne. Ƙungiyoyin adashi da na gama-kai na ma'aikata, da suka saba sayen shinkafa da babura a dunƙule su raba wa mambobi su biya a hankali, suna da ƙarfin da za su yi waɗannan tambayoyi a madadin mutum ɗari, su kuma sa dillali ya sa hannu.

Sai dai bai kamata a bar wa mai saye duka nauyin ba, domin amsar yawancin waɗannan tambayoyi ba ta kan kwali. A nan hukumomi ke da aiki. Hukumar Sadarwa ta NCC ce ke amincewa da irin na'urorin sadarwa da za a sayar a ƙasar nan, Hukumar SON ke duba ingancin kayan da ake shigowa da su, sa'an nan dokar kare masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye ta 1992, ta bai wa mai saye haƙƙin mayar da kayan da aka samu da aibi. Mutum nawa ne a Kontagora suka san da wannan haƙƙi, kuma ina za su kai ƙara ba tare da kuɗin mota ya fi kuɗin kayan ba? Rubutun nan da ake gani a ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ya fi dokar ƙarfi a kasuwa. Ita ma Gwamnatin Jihar Neja, tun da Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, uzurin cewa komai daga Abuja yake ya ragu ƙwarai. Haka kuma duk ma'aikatar da za ta sayi dubban kwamfutocin hannu domin makarantu ko asibitoci, ya zama wajibi ta sa shekarun sabunta manhaja da samar da batir a cikin sharuɗɗan kwangila, kada a maimaita abin da aka saba gani na raba kaya da biki sa'an nan bayan shekara biyu a tara su a sito.

Ba abu ne da ba a taɓa yi ba. Ƙungiyar Tarayyar Turai ta wajabta caja iri ɗaya, USB-C, ga wayoyi da kwamfutocin hannu tun ran 28 ga watan Disamba na 2024. Daga ran 20 ga watan Yuni na 2025 kuma, sabuwar na'urar da za a sa a kasuwarta sai batirinta ya iya jure cikawa da ƙarewa sau 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa, sai kamfani ya samar da muhimman kayan gyara har shekara bakwai bayan ya daina sayar da ita, ya kuma ci gaba da ba da sabuntawar babbar manhaja aƙalla shekara biyar, tare da liƙa takardar da ke nuna wa mai saye ƙarkon batir da sauƙin gyara. Nijeriya ba ta da ƙarfin tilasta wa masana'antun Sin da Koriya da Amurka canza ƙira ita kaɗai, amma tana da ikon cewa kada kaya su wuce tashar jiragen ruwa sai an rubuta a kwalinsu shekarar ƙira da ranar da sabuntawa za ta ƙare. Kamfanonin sun riga sun tanadi waɗannan bayanai domin kasuwar Turai, saboda haka ba wani sabon nauyi za a ɗora musu ba.

Akwai dalilin gaggawa a cikin wannan. Duk lokacin da wata babbar kasuwa ta ɗaga ƙa'ida, kayan da suka kasa cika ta ba sa ɓacewa, wata kasuwa suke nema. Haka aka gani da tsofaffin motoci da firij da talabijin. Na'urorin da Turai ta rufe wa ƙofa tun watan Yuni na 2025, da tsofaffin da mutanenta ke sauyawa, hanyarsu sananniya ce: daga jirgin ruwa zuwa Apapa, daga nan Ikeja, sa'an nan Kano da Kaduna, kafin su sauka a kan teburin dillali a Kontagora, a goge su, a sa musu sabuwar leda.